Littafin da Aka Binne a Madagaska

A watan Yuli na shekarar 1836, wasu Turawa biyu suka bar Antananarivo, babban birnin masarautar Imerina da ke kan tuddan tsakiyar tsibirin Madagaska, suka gangara zuwa bakin teku. Ɗaya mai wa'azi ne, David Johns. Ɗayan mai buga littattafai, Edward Baker. Su ne ragowar ma'aikatan Ƙungiyar Mishan ta Landan a ƙasar, kuma da tafiyarsu aikin shekara goma sha shida ya tsaya cik. Abin da suka bari a baya bai taka kara ya karya ba: 'yan ɗaruruwan mutane da aka yi wa baftisma, ɗakunan sujada a rufe, babu fasto ɗan ƙasa ko ɗaya da aka naɗa, ga kuma dokar Sarauniya Ranavalona ta Farko wadda ta ce duk wanda aka kama yana sujadar Kirista, a bakin ransa. Sai kuma littafi guda da ya fito daga injin bugu kimanin shekara ɗaya kafin nan, wato Littafi Mai Tsarki cikakke a harshen Malagasi.

A 1862, bayan rasuwar sarauniyar, William Ellis ya iso birnin a madadin wannan ƙungiya don ya ga abin da ya rage. Ya tarar da Kiristoci kimanin dubu bakwai a birnin da kewayensa, da shugabanninsu, da tsarin sujadarsu, da waɗanda suka haddace surori masu yawa.

Kiristoci a ko'ina sukan ce Littafi Mai Tsarki yana sauya rayuwar mai karanta shi. Magana ce mai wuyar aunawa ga masanin tarihi, musamman a Afirka ta ƙarni na goma sha tara, domin littafin bai cika zuwa shi kaɗai ba. Yakan zo tare da makaranta, da ɗakin magani, da aikin albashi, wani lokaci kuma da bindigar mai mulki a bayansa, har ya zama ba a iya rarrabe wanda littafin ya ja daga wanda amfanin duniya ya ja. Madagaska ta waɗannan shekaru ashirin da shida tana cikin wuraren da tarihi ya kwashe duk waɗannan, ya bar mutane da littafin kawai, ya kuma sa riƙe shi ya zama hanyar rasa dukiya da muƙami da rai.

Labarin ya fara da mutuwa. A 1818 wasu matasa biyu daga yankin Wales na Birtaniya, David Jones da Thomas Bevan, suka sauka a gaɓar gabashin tsibirin, daga baya suka kawo iyalansu. Cikin 'yan watanni zazzaɓi ya kashe Bevan da matarsa da jaririnsu, ya kashe matar Jones da jaririnsa. Jones kaɗai ya tsira. Ya koma tsibirin Mauritius ya yi jinya, sa'an nan a 1820 ya hau zuwa Antananarivo, inda Sarki Radama na Farko ya karɓe shi hannu bibbiyu. Radama bai nuna sha'awar sabon addini ba. Ya ƙulla yarjejeniya da Birtaniya cewa zai daina fitar da bayi daga ƙasarsa, su kuma su ba shi makamai da masu horar da sojoji, kuma yana faɗaɗa mulkinsa zuwa sassan tsibirin. Abin da yake bukata shi ne marubuta: yaran da za su iya rubuta umarni zuwa sansanonin soja masu nisa, su riƙe lissafin haraji. A watan Disamba na wannan shekara Jones ya buɗe makaranta da yara uku.

Malagasi ba baƙon rubutu ba ne. A kudu maso gabashin tsibirin akwai malaman da suka daɗe suna rubuta harshen da haruffan Larabci, rubutun da ake kira sorabe, ɗan'uwan ajamin Hausa ta fuskar asali, sai dai 'yan tsiraru ne suka san shi, kuma sun riƙe shi a matsayin sirrin gidajensu. A 1823 Radama ya yanke cewa da haruffan boko za a rubuta harshen ƙasar. Jones da abokin aikinsa David Griffiths, wanda ya iso a 1821, suka duƙufa kan fassara. Su biyun sun fito daga al'ummar da ta mallaki Littafi Mai Tsarki a harshenta tun 1588, kuma sun taso suna ganin manoma da makiyaya suna karanta shi a gidajensu, don haka ba su ɗauki fassara a matsayin aikin da za a jinkirta ba. Ba su kaɗai suka yi ba. Ɗalibai goma sha biyu mafiya hazaƙa a makarantarsu ne suka zauna tare da su, suna jujjuya jimloli har su zauna daidai a bakin ɗan ƙasa. Da aka zo sunan Allah, ba a ƙirƙiro sabuwar kalma ba, aka ɗauki Andriamanitra, sunan da mutanen Imerina suka gada. Wannan zaɓi yana da nauyi. Mai karatu da ya buɗe littafin Farawa bai ci karo da allahn baƙi ba a shafin farko. Ya ci karo da sunan da ya ji a bakin kakarsa, yana faɗin abubuwan da bai taɓa ji ba.

Injin bugu ya iso a 1826, amma wanda ya zo da shi, Charles Hovenden, ya rasu cikin 'yan makonni. Wani kafinta ɗan Skotland mai suna James Cameron, wanda bai taɓa aikin ɗab'i ba, shi ya harhaɗa injin, kuma a ƙarshen 1827 aka buga ayoyin farko na littafin Farawa. A tsakiyar 1828 Radama ya rasu, ɗaya daga cikin matansa ta hau gadon sarauta da sunan Ranavalona, da goyon bayan manyan sojoji da masu kula da gumakan sarauta. Ba da daɗewa ba fada ta aika wa Turawan cewa karatu ya isa haka, ko suna da wani abu mai amfani da za su koyar, kamar yin sabulu? Cameron ya nemi a ba shi mako guda, ya kuwa dawo da sabulun da ya haɗa da kayan cikin gida. Sabulun nan ya saya wa masu fassara shekarun da suke bukata. A 1830 aka gama buga Sabon Alkawari, a watan Mayu na 1831 kuma aka yi wa 'yan ƙasa na farko baftisma da izinin sarauniya.

Cikinsu akwai wani mutum mai suna Rainitsiheva, sanannen mai duba da sikidy, wato duban da ake yi da 'ya'yan itace a jere, wanda tushensa ɗaya da bugun ƙasa da aka sani a ƙasar Hausa. Da wannan sana'a yake ci, da ita ake girmama shi. Ya watsar da kayan dubansa, ya koyi karatu yana babba, ya zaɓi sunan Bulus. Izinin baftisma bai kai ƙarshen shekarar ba aka janye shi, amma karatun ya riga ya fita daga aji ya shiga gidaje.

Mafi kyawun shaida a kan abin da littafin ya yi wa waɗannan mutane ta fito ne daga bakin masu ƙararsu. A farkon 1835 aka kai ƙarar Kiristocin birnin gaban mahukunta, kuma laifuffukan da aka jera sun kai mu ta hannun 'yan mishan da suka rubuta tarihin lokacin. An ce suna raina gumakan ƙasa, kuma kullum suna cikin addu'a. An ce sun daina rantsuwa da uwa ko 'yar'uwa kamar yadda aka saba, sai dai su faɗi magana su tsaya a kanta. An ce matansu sun kame kansu, bakinsu ɗaya a kan addininsu, kuma sun keɓe ranar Lahadi ba sa aiki. Ko da an yi la'akari da cewa alƙalamin da ya adana wannan ƙara na masu goyon bayan waɗanda ake ƙara ne, abin da ke cikinta a bayyane yake. Babu maganar tiyoloji a ciki. Abubuwa ne da maƙwabci yake gani ta kan katanga: yadda mutum yake magana a kasuwa, yadda mace take amsa wa namijin da ya tare ta, ranar da ake fita gona da ranar da ba a fita. Shekara huɗu kacal bayan baftisma ta farko, ana iya gane mai karanta littafin daga halinsa.

An saba zana Ranavalona a littattafan Turawa a matsayin mahaukaciyar azzaluma, kuma lallai mulkinta ya ci rayuka masu yawa ta hanyar yaƙe-yaƙe da aikin tilas da gwajin guba. Amma a kan maganar littafin, ta fahimci abin da ke faruwa fiye da yadda ake ba ta. Sarautar Imerina ta ginu ne a kan albarkar kakanni. Sarki ko sarauniya ne mahaɗar masu rai da waɗanda suka riga mu, gumakan sarauta da ake kira sampy su ne ke tsare ƙasa, rantsuwar biyayya kuma da su ake yin ta. Wanda ya ce ba zai rantse da su ba, ya taɓa ginshiƙin mulki ko da bai ɗaga mashi ba. A fada an ɗauki Yahweh da Yesu a matsayin kakannin Turawa, don haka mai yi musu addu'a ya bar kakanninsa ya koma na wasu. Ga shi kuma jiragen yaƙin Faransa sun riga sun yi wa tashar Tamatave luguden wuta a 1829. Tsoron cewa baƙi na neman ƙasar ba mafarki ba ne. A 1895 Faransa ta ci Antananarivo da yaƙi.

Wani abu da ya faru a 1834 ya ƙara rura wutar. Wani mai kula da gunki, Rainitsiandavaka, ya ji wani ɓangare na koyarwar littafin daga bakin Bulus mai duba, ya gauraya shi da nasa fahimtar, ya tara mabiya, ya taho har fada yana shelar cewa dukan 'yan Adam daga mutum biyu suka fito. Aka tambaye shi ko yana nufin sarauniya da bayin da aka kawo daga Mozambik asalinsu ɗaya. Ya ce haka ne. Aka jefa shi da wasu manyan mabiyansa cikin ramin ajiyar shinkafa, aka kwarara musu tafasasshen ruwa. 'Yan mishan ba su ɗauke shi a matsayin nasu ba, amma abin da ya kai shi ga mutuwa yana nan a surorin farko na littafin da suka fassara. A ƙasar da aka raba mutane gida uku, masu jinin sarauta da talakawa 'ya'ya da bayi, labarin Adamu da Hawwa'u magana ce ta siyasa.

Ranar 1 ga Maris, 1835, aka tara jama'a a filin Mahamasina aka karanta hukuncin sarauniya. An haramta baftisma, da taron sujada, da kiyaye Lahadi. Duk wanda ya taɓa shiga cikinsu ya zo ya kai ƙarar kansa; an fara ba da wata guda, daga baya aka rage zuwa mako. Kimanin hafsoshi 400 aka rage wa muƙami, wasu kimanin 2,000 aka ci su tara, aka kuma umarci kowa ya miƙa littattafansa. Da yawa sun miƙa, sun koma ga al'adar da suka bari, kuma duk tarihin da ya ɓoye wannan bai yi adalci ba. Turawan kuwa an ce musu su riƙe addininsu, su ci gaba da koyar da sana'a idan sun so, amma kada su taɓa al'adun kakanni.

A lokacin ba a gama buga Tsohon Alkawari ba, kuma an hana 'yan ƙasa taimakawa a maɗaba'a. Baker ya riƙa jera haruffa da hannunsa, wani abokin aikinsa yana jan injin, har suka kammala a watan Yuni na 1835. Domin a ga wurin wannan aiki a tarihi: in aka ɗebe tsofaffin fassarorin Habasha da Masar, yana cikin na farko a wannan yanki na duniya. Cikakken Littafi Mai Tsarki a harshen Tswana sai 1857 ya fito, na Yarbanci a 1884, na Hausa a 1932. An raba kwafin a ɓoye. Akwai waɗanda suka yi tafiyar kwanaki a ƙasa don su sami guda. Sauran aka zuba a akwatuna aka binne. Kafin Johns ya tafi ya kuma fassara littafin John Bunyan, Pilgrim's Progress, labarin matafiyin da ya bar garinsu yana neman birnin sama, aka bar 'yan kwafi rubutun hannu, su ma aka yi ta kwafarsu.

Malagasi suna kiran shekarun da suka biyo baya lokacin da ƙasa ta yi duhu. Masu bi, waɗanda jama'a ke kira masu addu'a, suka koma haɗuwa da tsakar dare a gidajen da aka toshe ƙofofinsu, da cikin koguna, da kan duwatsu inda za a hango mai zuwa tun daga nesa. Littafin da ya yi kauri a ɓoye sai aka farke ɗinkinsa aka rarraba: wannan gida ya riƙe Zabura, wancan ya riƙe Bisharar Luka, bayan wani lokaci a yi musaya. Shafin da ya yage a ɗinke shi, wanda ya ruɓe a ƙasa a sake rubuta shi da hannu. A gundumar Vonizongo, arewa maso yammacin birnin, an ɓoye wani kwafi shekaru da dama a cikin kogon da ake killace masu ciwon agana, domin an san masu bincike ba za su shiga ba. Da yake takarda tana iya faɗawa hannun hukuma kowace rana, sai suka koma hadda. Da yake kuma ba a shiga wannan addini sai ta ƙofar littafi, duk wanda ya shigo sai an koya masa karatu, bawa ne ko ɗa, mace ko namiji, a daidai lokacin da makarantun 'yan mishan suke rufe.

Har kalmar sirrinsu daga littafin suka ɗauko ta. In mai bi ya haɗu da wanda bai tabbatar da shi ba, sai ya ambaci lambar wata aya a sura ta 38 ta littafin Irmiya, inda annabin yake tambayar Sarki Zadakiya ko zai kashe shi idan ya faɗa masa gaskiya. In ɗayan na gida ne, sai ya amsa da lambar ayar da ke biye, inda sarkin ya rantse a asirce cewa ba zai kashe shi ba, ba zai kuma bashe shi ga masu neman ransa ba. Wanda bai san littafin ciki da waje ba, lambobi kawai zai ji. Wasiƙun da suka riƙa aikawa a ɓoye zuwa Mauritius ma haka suke, cike da sunayen surori da lambobin ayoyi a wuraren da wani zai yi dogon bayanin halin da yake ciki.

A nan ne sauyin ya fi zurfi, kuma ya fi wuyar gani daga waje. Littafin ya ba su wata hanyar fassara abin da ke samunsu. A tunanin da suka gada, wanda sarauniya ta yi fushi da shi, aka ƙwace dukiyarsa, aka sayar da shi bawa, aka hana gawarsa shiga kabarin kakanninsa, ya taɓe duniya da lahira, domin a Imerina babu abin da ya kai a raba mutum da kabarin danginsa muni. Amma a shafukan da suke karantawa sun tarar da Yusufu a kurkuku, da Daniyel a ramin zakuna, da Dawuda yana gudu daga Saul yana kwana a koguna irin nasu, da manzannin da aka yi wa bulala. A cikin waɗannan labarai wanda ake tsananta wa shi ne mai gaskiya. Sun kuma karanta Ayyukan Manzanni da wasiƙun Bulus, suka ga ikilisiyoyin farko a gidaje suke taruwa, suka zaɓi shugabanni daga cikinsu, suka riƙa yin baftisma da jibin Ubangiji ba tare da jiran wani daga ƙetare ba.

Wadda aka fara kashewa mace ce, Rasalama. An kama ta a 1837 tare da wasu, aka tsare ta, aka ɗaure ta da marin da ke haɗa wuya da hannuwa da ƙafafu wuri guda. Ranar 14 ga Agusta aka kai ta Ambohipotsy, a ƙarshen kudancin tudun birnin. Ta roƙi a bar ta ta yi addu'a, aka bar ta, tana durƙushe aka soke ta da masu, aka bar gawarta ga karnuka. Wani saurayi mai suna Rafaralahy ya bi ta har wurin ya ga yadda ta mutu. Ya mai da gidansa wurin taro, shekara mai zuwa shi ma aka kashe shi a wuri guda. Wata mace, Rafaravavy, wadda a da ta shahara da hidimar gumaka, an yanke mata hukuncin kisa, gobarar da ta tashi a birnin ta sa aka ɗage, aka mai da ita baiwa, daga baya ta tsere ta Tamatave tare da wasu, suka isa Ingila a 1839. Bulus mai duba bai tsira ba. A 1840 aka kama shi yana cikin masu neman hanyar gudu, aka soke shi da mutum takwas.

Tsanantawar ba kullum take ci ba. Takan lafa shekaru, sa'an nan ta taso. Mafi muni ta zo a 1849. Ranar 28 ga Maris aka kashe mutum goma sha takwas. Goma sha huɗu aka naɗe su da tabarmi aka turo su daga kan dutsen Ampamarinana, ƙasa kaɗan da fadar sarauniya. Huɗu masu jinin sarauta ne, al'ada kuwa ta hana zubar da jininsu, don haka aka ƙone su da ransu a Faravohitra. Waɗanda suka halarta sun ba da labarin cewa an ji su suna waƙa, suna kuma addu'a irin ta Istifanus, shahidin farko a Ayyukan Manzanni, suna roƙon kada a ɗora wa masu kashe su wannan laifi. Wasu kusan dubu biyu aka hukunta ta hanyar tara, bulala, bauta ko aikin fasa dutse. Ana kuma ba waɗanda ake zargi tangena: a haɗiyar da mutum guntayen fatar kaza uku tare da gubar ƙwallon wata itaciya, in ya amayar da duka ukun ya kuɓuta, in ba haka ba ya tabbata mai laifi, in ma gubar ba ta riga ta kashe shi ba. A 1857, bayan an bankaɗo makircin da wani Bafaranshe, Joseph Lambert, ya shirya don kawar da sarauniya, aka sake far wa Kiristoci; aka jefe wasu da duwatsu, aka haɗa wasu rukuni-rukuni da sarƙoƙi masu nauyi aka kora su yankunan zazzaɓi. Ƙididdigar waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa kai tsaye a tsawon mulkin ta kama daga sittin zuwa kimanin ɗari da hamsin. Waɗanda guba da sarƙa da bauta suka ci sun fi haka nesa.

Abin da ya fi damun fada shi ne inda addinin yake ɓullowa. Ya shiga cikin hafsoshin soja, ya shiga gidan sarauta. Yarima Ramonja, ɗan'uwan sarauniya na jini, ya karɓe shi, aka tuɓe masa muƙamansa. Ɗanta tilo, Yarima Rakoto, bai zama Kirista na sosai ba, amma ya riƙa ɓoye waɗanda ake nema yana fansar waɗanda aka sayar. A ɗakunan da ake taruwa da dare, ɗan sarauta da bawa suna zaune a tabarma ɗaya suna sauraron wanda ya fi iya karatu, ko wane ne shi. Maganar da ta kai Rainitsiandavaka cikin rami ta zama abin da ake aikatawa a ɓoye.

Ranavalona ta rasu a watan Agusta na 1861. Rakoto ya hau da sunan Radama na Biyu, ya ba da 'yancin addini, ya dakatar da tangena. Mutane suka fito daga dazuzzuka da wuraren bauta, wasu da tabon mari a wuya da idon sawu, wasu an daɗe da ɗauka sun mutu. Aka tono littattafan. Ellis ya nemi a ba ikilisiya wuraren da aka kashe masu bi, aka gina majami'u huɗu na dutse don tunawa da su, a Ambatonakanga da Ambohipotsy da Faravohitra da Ampamarinana, na ƙarshen a 1874. Cameron mai sabulu ya dawo a tsufansa ya sa hannu a ginin.

Daga nan labarin ya juya ta inda masu addu'ar dare ba su zata ba. A 1868 aka naɗa Sarauniya Ranavalona ta Biyu, kuma a wurin bikin, inda aka saba ajiye gumakan sarauta, Littafi Mai Tsarki aka ajiye a gefenta. A watan Fabrairu na 1869 wani fasto ɗan ƙasa, Andriambelo, wanda ya yi wa'azi a shekarun duhu, ya yi mata baftisma tare da firaminista Rainilaiarivony. A watan Satumba aka ƙone gumakan sarauta. Alƙaluman 'yan mishan sun nuna masu zuwa majami'a sun tashi daga kimanin 37,000 a 1868 zuwa fiye da 150,000 a 1869, suka haura 230,000 a 1870. Mafi yawansu ba su taɓa buɗe littafin ba. Sun ga inda fada ta fuskanta suka bi, a wasu ƙauyuka ma hakimai ne ke kora mutane zuwa sujada kamar yadda ake kora su aikin sarauniya. Gwamnati ta riƙa amfani da rajistar makarantu da majami'u wajen ɗibar ma'aikatan tilas da sojoji. Manyan Kiristoci da yawa sun ci gaba da mallakar bayi. An 'yanta waɗanda aka kawo daga gaɓar Afirka a 1877, amma bauta ba ta ƙare a tsibirin ba sai 1896, kuma Faransawa ne suka soke ta. Da tawayen Menalamba ya ɓarke bayan faɗuwar birnin a 1895, majami'u na cikin abubuwan da talakawan karkara suka fara cinna wa wuta, domin a idonsu gine-ginen hukuma ne.

'Yan mishan da suka dawo sun yi ta kuka a rahotanninsu cewa taron ya fi ƙarfin masu koyarwa. Ƙauyuka ɗaruruwa sun gina ɗakin sujada, sun zauna a ciki ranar Lahadi, babu mai iya karanta musu ko aya ɗaya. Majami'un birnin suka rarraba yankunan karkara a tsakaninsu, suka riƙa tura masu karatu, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka fara turawa tsofaffin masu addu'ar dare ne, waɗanda suka koyi haruffa daga yagaggun shafuka a shekarun da riƙe su yake laifin kisa.